Kamu a Ƙarƙashin Mangwaro: Yadda Muka Ƙawata Bikin Ƙanwata da Kayan Da a Lambun Gidanmu

Wata huɗu kafin bikinta, ƙanwata ta turo min wani hoto ta WhatsApp. Bikin Turawa ne, an yi shi a bayan gida a kan ciyawa kore shar. Ga dogayen tebura na katakon da bai ga fenti ba, ga kwalabe an cusa musu furanni, ga dammunan busasshiyar ciyawa masu kusurwa huɗu baƙi na zaune a kai, sai ƙananan ƙwayayen lantarki da aka ja daga wannan bishiya zuwa waccan. A ƙasan hoton ta rubuta: "Yaya, irin wannan nake so. A gida. Ban son hol."

Ni ce babba a ɗakinmu, saboda haka hidimar mata duk a kaina ta faɗo. Tun da aka watse mutane ke tambayata wa ya yi mana kwalliyar wuri, amsar kuwa ta fi ƙarfin saƙon waya. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana, har da inda muka tafka kuskure.

Wurin da lokacin

Gidanmu yana gefen garin Argungu, ta inda ƙasa ke gangarawa fadama. A bayansa akwai lambun da Baba ya dasa tun muna yara: mangwaro biyar, gwaba biyu, jerin dogon yaro a jikin katanga, da rijiya a kusurwa. Ciyawa kam babu ko ɗigo. Ƙasa ce mai yashi wadda kaji suka gama tonewa. Ɗaurin aure na maza ne, a masallaci za su yi abinsu, don haka zama biyu lambun zai ɗauka: kamu ranar Alhamis da yamma, da walimar mata ranar Asabar.

Kowa ya yarda a yi a gida, amma kowa da dalilinsa. Amarya hoto take hange. Baba kuɗin hol yake hange, da kuma kiɗan da ba ya so. Inna kuwa tsofaffin dangi take tunani, waɗanda sai an kwashe su a mota zuwa Birnin Kebbi, a zaunar da su cikin sanyin na'ura, a tashe su da zarar lokacin haya ya cika.

Zaɓen wata bai ba mu wahala ba, domin yanayin garin ya riga ya zaɓa mana. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 40, ba mai zama a waje da leshi. Yuni zuwa Satumba damina ce. Abin da ya rage shi ne hunturu, sai aka sa ƙarshen Disamba. Shi ma da halinsa: iskarsa daga arewa maso gabas take kaɗowa, ɗauke da ƙura. Wannan abu ɗaya shi ya tsara mana lambun gaba ɗaya. Zana ta tsaya a gefen arewa da gabas ta tare iska. Murahu suka koma kudu maso yamma don hayaƙi ya bi iska ya bar mutane. Janareta ma can muka kai shi, da doguwar waya.

Dammunan ciyawar cikin hoto su ne farkon abin da ya faɗi. Abin da ya yi kama da su a wurinmu harawa ce, ita kuwa abincin dabbobi ce mai tsada da rani, tana da ƙaiƙayi, kuma duk akuyar unguwa za ta ɗauka ita aka gayyata.

Gwaggo

Na ɗauka matsalata iska ce da ƙura. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.

Gwaggo, yayar Baba, ita ce uwar biki. Na je gaishe ta, na zauna na zayyana mata tsarin: rumfar zana, tabarmin kaba, ƙore, tuluna, fitilun ƙwai. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ajiye carbinta.

"Ke 'yar nan, wa ya mutu?"

Na ce, "Gwaggo, ban gane ba."

"Rumfa da tabarmi da zana, mata zaune ƙasa. Wanga ai zaman makoki na. Kuma dangin miji su taho daga Birni su iske mun shimfiɗa musu kaba, su koma su ce mi? Su ce ɗiyar da sunka ɗauko ko kujera ubanta bai iya haya ba?"

A ranar na ji haushi, amma gaskiya ta faɗa. Baturen da ke cikin hoton nan ya yi nisa da rumbu da turken dabbobi, shi ya sa tsohon katako yake ba shi sha'awa. Mu kuwa ba mu rabu da su ba. Tabarmar kaba har gobe ita ce shimfiɗar wanda bai da kafet. Abin da ƙanwata ke kira kayan da, rabin baƙinmu kayan rashi suke kiransa, kuma a biki idon dangin miji awo yake yi.

Sai da na koma sau uku. A zuwa na uku na daina roƙonta ta yarda da tsarina, na tambaye ta yadda aka yi nata jeren. Nan bakinta ya buɗe. Ta tashi ta jawo wani adudu daga ƙarƙashin gado, ta sa jikanta ya sauko da wasu buhuna daga saman sif. Tasoshin tagulla na Bida guda tara, an naɗe kowace a tsumma. Samiru da fanteka masu zanen fure, wasu bakinsu ya ɗan ɓantare. Akussa uku baƙi wuluk, sun sha man shanu shekara da shekaru har suna ƙyalli. Sai wani saƙi baƙi mai ratsin fari wanda ta ce da shi aka lulluɓe ta ranar da aka kai ta. Har yanzu yana ƙanshin turaren da aka adana shi da shi.

A nan na gane bambancin da na kasa gani da farko. Akwai tsohon abu da ke nuna babu, akwai tsohon abu da ke nuna asali. Tasar tagulla ba ta taɓa zama kayan talaka ba. A zamaninsu, da irin waɗannan kayan ake gane amaryar da aka yi wa gata, kamar yadda aka yi da ƙore kafin kwanuka su shigo. Duk tsohuwar da ta shigo lambun ta gan su, ta san gidan da ta zo.

Gwaggo ta yarda ta ba da aro, da sharaɗi ɗaya. "Kayana ba na gidan tarihin Kanta ba ne, da za ku jera mutane su tsaya suna kallo. In kun ɗauki akushi, ku zuba tuwo ciki." Tana nufin tsohuwar fadar nan ta cikin gari da aka mayar gidan tarihi a 1958, inda ake kai 'yan makaranta. Wannan sharaɗi nata shi ya zama ma'aunin komai: abin da ba zai yi aikinsa a wurin ba, ba zai shiga ba. Da shi na soke turmi da taɓaryar da amarya ta so a girke a bakin ƙofa, da tsohon keken Baba da ta ce a jingina a bishiya a ɗaura masa fure. Mun yi 'yar rigima a kan keken. Har yau tana cewa da ya yi kyau a hoto, kuma wataƙila da ya yi.

Amma akwai abin da ya tsallake sharaɗin: manyan gorunan kamun kifi guda biyu na Kawu, irin waɗanda masunta ke kifa ciki a kansu a ruwa suna jefa kifi ta bakin. Mu Kabawa ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin hoton bikin kamun kifi na kogin Matan Fada, wanda aka fara a 1934, ya san wannan gora. Muka girke su dama da hagun ƙofar lambu. Ko Gwaggo ba ta ce uffan ba.

Daɓe, rumfa da wurin zama

Aikin da ya fi cin lokaci, kuma ya fi komai biyan wahalarsa, shi ne daɓe. Amarya na buƙatar wurin zama da ya ɗan ɗaga, ni kuma ban so a kawo dandamalin katako a lulluɓe shi da jan kafet. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce a yi daɓe mana. Mako uku kafin biki aka kawo jar ƙasa da tsakuwa, aka tayar da wuri kamar taku shida a tsaye da kwance a gindin babban mangwaro. Mata bakwai suka zo da madaɓai. Ana yayyafa ruwa ana bugu, ana waƙa, 'yan mata na dariya don yawancinsu ba su taɓa gani ba. Da ya fara tsotsewa aka bi shi da makuba, wato ruwan kwasfar ɗorawa da aka jiƙa. Ita ke ƙara masa ƙarfi, ta ba shi wani launi ja mai duhu da ɗan sheƙi. Sau uku aka shafa, ana barin kwanaki a tsakani. Wanda zai yi wannan kada ya bari sai saura mako ɗaya. In bai bushe ba, dunduniyar takalmin farko za ta huda shi.

A bayan daɓen aka kafa dirkoki huɗu aka rataya asabari sababbi, a tsakiya kuma saƙin Gwaggo. Tasoshin suka hau wani benci a gefe, cike da alkaki, nakiya, dubulan da goro. Amarya ta zauna a kan babban tumtum na jar fata, aikin dukawa, ƙafarta a kan farin buzu.

Maganar zaman makoki kuwa, da abu uku muka kashe ta. Tabarmin kaba sun zama na ƙasa kawai, aka ɗora dardumai masu launi a kai, aka watsa tumtum da matasai. Na biyu, tsofaffi da surukai ba su zauna ƙasa ba. Na bi gidajen dangi na aro kujerun katako masu hannu, irin na falon da, guda ashirin da 'yan kai, ba biyu da suka yi kama da juna, aka goge su da mai. Mai ciwon gwiwa ba ruwanta da kyan tabarma. Na uku shi ne turare. Kasko shida muka ajiye a kusurwoyi, tun kafin baƙi su iso ake zuba turaren wuta. Hanci kan riga ido sanin biki ake ko makoki.

Sama da wurin zaman mun ja yadi, ba don rana ba. Mangwaro a hunturu yake fure, furen na zubowa da danƙo, ga tururuwa, ga tsuntsaye da ba su san ana biki ba. Amarya ta so fari. Na shanya ƙyallen farin yadi a lambun kwana ɗaya na kai mata, ya koma kalar kunun kanwa. Sai muka sayi mai ruwan ƙasa, wanda ƙura ba ta da abin da za ta ƙara masa.

Furanni ma haka. Ɗanyen fure daga nesa ake kawo shi, kuma busasshiyar iskar hunturu ba ta barinsa ya kai magariba. Muka cika ƙananan tuluna da zangarniyar gero da ta dawa, da reshen auduga da ya fashe, da busasshen soɓorodo a kan karansa. Ja da fari da ruwan zinariya, ba abin da ya yi yaushi. Baba ya tsaya ya dube su, ya ce abinci ba abin wasa ba ne, in an gama a mayar masa da kowace zangarniya, kada ya ga ɗaya a ƙasa ana takawa. Haka aka yi.

Ruwan sha a randuna muka zuba. Sabuwar randa sai an cika ta an zubar kamar kwana uku kafin warin ƙasa ya fita. Sanyinta daga tsattsafowar da take yi ne, iska na busar da jikinta, don haka a inuwa ake girke ta inda iska ke wucewa, kan yashi mai dama. Fura da nono a ƙore, da ludayin duma. Ƙoren an karkare su an wanke da yashi har suka yi fari tas.

Sai fitila. Na tara fitilun ƙwai goma sha biyar, na yi niyyar zuba kalanzir in kunna su yadda aka saba. Ƙanena ne ya hana. Ya ce in dubi abin da na kewaye wurin da shi: zana, asabari, kaba, busasshen kara, ga iska, ga yara. Ya cire lagwanin, ya sa ƙananan ƙwayaye masu caji a cikin gilasan. Ƙwayayen da aka ja tsakanin bishiyoyi kuma masu hasken rawaya muka saya. Farin haske na mayar da wuri kamar shagon magani, kuma ya fi tara ƙwari, mu kuwa a bakin fadama muke. Kaskon turare kaɗai ne wuta mai rai a wurin, kowanne da yarinyar da ke kula da shi, da bokitin ruwa a bayan zana.

Ranar Alhamis

An yayyafa wa ƙasa ruwa da safe, aka sake bayan azahar. Na biyun ya yi yawa a wajen rijiya, wurin ya yi laka, ƙawayen amarya biyu suka bar tsinin takalmansu a ciki. Da na sani da na ja tabarmi tun daga ƙofa har wurin zama. Ranar Asabar mun yi hakan.

Da la'asar sakaliya haske ya ratso ta cikin ganyen mangwaro ya sauka kan tagullar nan, wurin ya yi wani irin kyau da ban iya kwatantawa. Dangin ango suka shigo da guɗa. Ina kallon babbarsu, wata dattijuwa mai farin gilashi. Ta wuce gorunan, ta wuce tulunan, ba ta ce komai ba. Da ta iso gaban daɓen sai ta tsaya, ta sunkuya ta shafa shi da tafin hannu, ta shinshina.

"Makuba ce?"

Gwaggo ta ce, "Ita ta, Hajiya."

"Rabona da ganin daɓe tun ɗakin uwata."

Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsu, har sai da aka tuna musu cewa kamu aka zo yi.

Kurakuran kuma suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Faya-fayai arba'in da muka rataya a jikin zana da zaren ɗinki, iska ta taso ta kakkaɓe kusan rabi. Da igiyar kaba ya kamata a ɗaure su, ta wuri biyu. Waɗanda suka faɗo, baƙi suka ɗauka irin kyautar da ake rabawa ce a biki, suka zuba a jaka. Da wane baki za ka ce wa surukarka ta fito da faifai? Goma sha ɗaya daga ciki na aro ne.

Zana kuma ba ta shiri da leshi. Duk wadda ta raɓe ta sai bakin gamba ya kama mata zare. Mayafin wata ƙawar Inna ya yage, na ba da haƙuri har na gaji. Washegari muka bi duk inda kafaɗa ke kaiwa muka lulluɓe da yadi.

Babban kuskurena shi ne lissafin mutane. Na ƙirga waɗanda aka gayyata, na manta cewa bikin gida ba shi da mai tsaron ƙofa, kuma ba a korar maƙwabci. Unguwa ta zo kaf. Yara suka hau mangwaro, ɗaya ya rataya a wayar fitila, rabin lambun ya yi duhu na ɗan lokaci. Ranar Asabar sai muka shimfiɗa wa yara tabarminsu a ƙofar gida, da nasu masa da zoɓo, da wata ƙanwar Inna mai tsawa.

Abu ɗaya da na yi daidai tun farko shi ne wurin salla. Taron da ya fara da la'asar dole magariba ta riske shi. Na ware kusurwa bayan gwaba, da butoci goma, da duro, da tsakuwa a ƙasa don kada ruwan alwala ya kwanta. Ba wadda ta shiga cikin gida neman buta. Abin da ban hango ba shi ne sanyi. Ana idar da isha'i iskar fadama ta sauko, tsofaffi suka fara jan mayafi suna neman takalmansu. Walimar Asabar sai muka dawo da ita baya, aka fara ƙarfe uku, kafin isha'i an watse.

A ranar ce akussan Gwaggo suka yi aikinsu. Tuwon shinkafa, shinkafar fadamarmu, da miyar kifi, aka ajiye gaban manyan surukai aka rufe da faifai. Sauran jama'a a samira da faranti suka ci.

Kuɗi da mayar da kaya

Masu tambaya ko ya fi hol sauƙi: a aljihu ya fi, a jiki bai fi ba. Abin da muka saya shi ne zana, asabari, tabarmi, yadi, tuluna, wayar fitila da man janareta, kuma yawancinsu suna nan ana amfani da su. Saura duk aro ne. Amma hol kana biya ne ka tafi ka bar musu shara. Nan kuwa mako uku ina zirga-zirga kafin biki, kwana huɗu ina kwashe-kwashe bayansa, kuma kowane abin aro amana ce a wuyana. Na yi dabarar rubuta komai a littafi da liƙa ƙyalle mai launi a gindin kayan kowane gida. Faya-fayan ne kaɗai ban yi wa haka ba, don na raina su.

Na shiga kasuwa na sayi sababbi goma sha ɗaya na bi gida-gida. Mutum goma suka karɓa da dariya. Ta sha ɗayan, wata tsohuwa a bayan layinmu, ta juya sabon a hannunta ta ce nata mahaifiyarta ce ta saƙa shi. Ba ta yi faɗa ba, ta ma yi min addu'a. Na fito gidan ƙafata ba ƙwari. Na sa an yi cigiya a dangin ango a hankali, ta bakin amarya, har yanzu shiru.

Kayan Gwaggo ni da kaina na kai. Ta sa na zauna, ta warware kowace tasa ta ƙwanƙwasa ta da farce ta saurari ƙararta, ta ƙirga tara. Ta shinshina akussan, ta ce an wanke su da sabulu, wanda bai kamata ba, ta aika a kawo man shanu. Saƙin kuwa ta ninke shi ta riƙe a cinya, ta daɗe ba ta mayar cikin adudun ba. Can ta miƙo min.

"Kai ma ƙanwarki. Ki ce mata kar ta wanke shi da omo."

Daɓen yana nan a gindin mangwaro. Damina ɗaya ta wuce a kansa, gefen gabas ya ɗan zaizaye. Baba ya mayar da buzunsa can, a nan yake jin labaran rediyo da yamma, kuma ya ce in an tashi gyara a kira matan nan da madaɓansu, kada a kawo masa siminti.